Wanda Inna Take Kallo

Ban taɓa ƙin mutum kamar yadda na ƙi Baffa Falalu ba, kuma har yau ban roƙi Allah ya cire min ba. Mutane suna cewa a Makka ba a riƙo, wai garin yafiya ne. Su dai faɗa. Ni a nan Makka, a unguwar Jarwal aka haife ni, na san irin riƙon da ake zuwa da shi sahun gaba a Harami, a idar da salla a koma da shi gida ko gezau bai yi ba.

Sunana Ramlatu. Mahaifina shi ne Rabe mai agashe, wato tsiren nan namu da mutanen Sudan suka sake wa suna. Shi da Falalu gari ɗaya suka fito, Hillat Wada, wani ɗan ƙauyen Hausawa a bakin kogi a ƙasar Sudan, inda kakanninsu suka ya da zango a hanyar Hajji suka manta da tashi. Tare suka yi allo, tare suka yi kamun kifi, kuma da suka tasa sai suka haɗu a kan yarinya ɗaya, Zubaidatu 'yar mai fito. Ita ce Innata.

A zamanin akwai wani Bature ɗan Girka da yake zuwa garin sayen riɗi. Yana da na'urar ɗaukar hoto mai motsi, irin ta da wadda ba ta ɗaukar murya. Wata shekara sai ya ce zai shirya majigi, labarin samari biyu da suke neman budurwa ɗaya. Bai sha wahalar ƙirƙira ba, don duk garin an san labarin. Ya aika wa mai gari da kan sukari, dattawan da suka fara faɗa su ma sukarin ya isa gidajensu, faɗa ya yi sanyi.

Baturen ya dubi Falalu, dogo ne mai haske, ya ce shi zai ci. Ya dubi Babana, gajere baƙi, ya ce shi za a kayar. Za su yi kokawa a bakin kogi, Falalu ya maka Rabe da laka, Rabe ya tashi ya juya baya ya tafi, kada ya kuskura ya waiwayo, ita kuma yarinyar ta miƙa wa Falalu ƙwaryar ruwa. Baba ya yi yadda aka ce, bai waiwayo ba. Da aka gama awon riɗi Bature ya naɗe kayansa ya tafi, ba wanda ya ga majigin a garin, ko mutum ɗaya.

Abin da ya rage shi ne suna. Aka koma kiran Inna 'yar majigi. Uban Falalu ya rantse ɗansa ba zai auri yarinyar da ta tsaya gaban na'urar Nasara ba, Falalu ya ɗauki jakarsa ya tsallako teku zuwa Makka. Baba ya aure ta. Bayan wasu shekaru su ma suka tsallako, suka tarar da Falalu ya kafu, yana sayar da carbi da darduma da turare.

Tun ina ƙarama nake jin maganar nan a bakin Falalu. A suna, a biki, a zaman makoki ma ba ya fasawa. Sai ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Rabe, ai ni na bar maka." A yi dariya, Baba ma ya yi yaƙe. Idan muka dawo gida ya rasa abin da ke masa daɗi, ya yi ta zagaye har ya iso inda yake son zuwa: "Da uban nasa bai hana ba fa?" Inna ta harare shi ta ce, "Kai dai ka cika shirme. Da ban so ka ba, hayaƙinka zan zauna ina sha? Tashi ka hura wutarka." Ya tashi ya hura. Amma ni da nake 'yarsa na san bai taɓa yarda har zuci ba.

Inna ba ta ƙara tsayawa gaban mai hoto ba sai sau ɗaya, don iƙama, takardar zaman ƙasa, kuma da ta rasu hukuma ta karɓe abarta. Aka binne ta a maƙabartar Shara'i, inda kabari ba suna ba alama, sai ɗan dutse irin na kowa. Baba ya koma ziyara bayan wata biyu ya kasa gane layin. Abin da ya rage masa kawai carbinta, baƙi na ƙwallon dabino, da shi yake lazimi safe da yamma, da shi yake kwana.

Sai idanun Baba suka fara. Wajen shekara arba'in yana tsaye a kan tukuba, ni dai hayaƙin nake zargi, likita kuma ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙe wanda ya saura. Gani ya riƙa tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta ramin mukulli. A lokacin ne kuma aka zo aka shafa wa bangon gidanmu na Jarwal jan fenti, alamar rushewa. Na kwaso Baba na dawo da shi wajena a unguwar Ka'akiyya, hawa na uku, inda nake zaune da mijina Isma'il, direban bas a unguwar Kudai.

A watan Rajab na shekarar 2012 wani mutumin Hillat Wada mai suna Ja'afaru ya zo umra, ya hawo ya gaishe da Baba. Ana cikin shan shayi ya ce, "Baffa, ka ga majiginku kuwa?"

Baba ya ce, "Wane majigi?"

Ashe jikokin Baturen ne suka tsinci abin a cikin wani tsohon akwati, suka juye shi a faifai suka aika garin. Ja'afaru ya taho da guda, da yake a gidan Falalu ya sauka sai ya danƙa masa, ya ce su kalla da Rabe.

Baba ya ajiye kofin shayi. Ya ce, "Tana ciki?"

"Tana ciki, Baffa. Fes, kamar ka kira ta ta amsa."

Ban taɓa ganin tsoho ya miƙe da irin wannan saurin ba. Ya hau laluben takalmi, baƙo yana zaune. A lokacin yana gani. Ina so a riƙe wannan, don shi ne duk maganar. Yana karanta Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, yana gane fuska idan an matso. Da an sa masa faifan a ranar, da ya ga matarsa.

Muka ɗauki tasi har shagon Falalu a Kudai. Ya tarbe mu da fara'a, ya fesa wa Baba turare, ya aika a kawo lemo.

"Faifan? Yana gida, ya akhi. Ka ga shago cike da baƙi. Bukra, in sha Allahu, ni da kaina zan kawo maka."

Duk wanda ya zauna a Makka ya san bukra. A Larabci gobe ce, a bakin ɗan kasuwa kuwa ba ta da rana. Bukra ta zama bayan Sha'aban. Sha'aban ya wuce aka ce ai azumi ya zo, wa zai kalli majigi a Ramadan a garin Allah? Bayan salla aka ce ɗansa Abdulquddus ya tafi da shi Jidda don a gyara hoton. Da ya dawo daga Jidda sai ga alhazai sun fara sauka, ba mai lokacin kansa. Na kira Ja'afaru ko zai aiko da wani, ya ce na garin yana hannun ɗan mai gari, shi kuma ya tafi haƙar zinariya, ba a san ranar dawowarsa ba.

Shi kuwa Baba sai ya ɓullo da wata dabara. Ya daina karatu. Ya daina leƙa taga. Yakan wuni a zaune idanu a rufe, idan na yi magana ya ce, "Tanadinsu nake yi, Ramlatu. Kada su ƙare kafin faifan ya zo." Maganin ɗigawa kuwa, mutumin da a da sai na yi da gaske yake yarda, ya koma shi yake tuna min. Na gaya masa likita ya ce rufewar ba ta hana komai. Ya ce likita bai san abin da yake jira ba.

Na koma shagon ni kaɗai, na tsaya a gaban alhazan da ke ciniki na ce, "Baffa, don girman ɗakin Allah ka ba ni faifan nan. Idon Baba tafiya yake yi."

Ya ci gaba da jera carbi a kan ƙusa, bai ko dube ni ba. "Ma'alesh, yi haƙuri, 'yata. Gaggawar me ake yi? Abin da ya jira shekara sittin ba zai jira wata ɗaya ba? Zubaidatu dai ba guduwa za ta yi daga faifai ba."

Haka yake kiran sunanta gatsal, Zubaidatu, abin da mijinta ma bai taɓa yi a gabanmu ba. Na fito. Da namiji ce ni, da ranar an ji mu a Kudai.

Bayan Hajji, wata Juma'a, Baba ya taka matakalar masallacin unguwa ya rasa ta biyu. Isma'il ne ya riƙo hannunsa har gida, jama'a suna kallo. Da na kawo abinci na ga yana laluben kwano da hannu biyu, na san ramin mukullin ya toshe. Labari a cikin 'yan uwanmu ba ya kwana, kafin sati ya zagayo sai ga Falalu bayan la'asar, ya hawo benen nan yana haki, da kwalin dabino a hannu ɗaya, faifai a ɗayan.

"Ga alkawari na cika, Rabe. Yalla, Ramlatu, sa mana."

Na karɓa ban ce masa sannu ba. Na jawo wa Baba kujera har gaban talabijin, ya matsa har hancinsa yana neman taɓa gilashin. Ya buɗe idanun nan da ya yi wata da watanni yana tanadi, ya buɗe su iya buɗewa.

Hoto ya fito, baƙi da fari, yana rawa. Ga kogi, ga jiragen kwale-kwale, ga bukkoki. Sai ga wata yarinya ta gangaro da tulu a ka, siririya, tana taku irin na wadda ta san ana kallonta kuma ba ta damu ba. Ban san Inna da ƙuruciya ba, amma ko a cikin dubu zan gane wannan ɗage haɓar. Na toshe bakina da mayafi.

Baba ya ce, "An fara?"

Na ce, "An fara, Baba. Ga Inna nan."

Ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin, daidai kan kogin, ba ma inda take ba. Ya ce, "Haske nake gani yana motsi." Can ya ce, "Ƙara murya."

"Baba, ai ba shi da murya."

Ya sani. Ya fi ni sani. Makaho a gaban majigin da ba ya magana, me aka kawo masa? Ana cewa gani ya kori ji, shi ga shi ba gani, kuma ba abin da za a ji.

Na ce, "Bari in riƙa gaya maka abin da ake yi."

Ya girgiza kai. "Ke ba ki san garin ba, ba a haife ki ba. Falalu, kai kana wurin. Yi min bayani, kamar yadda masu majigi suke yi."

Falalu ya gyara zama, ya ɗauki dabino ɗaya daga cikin wanda ya kawo. Kuma wallahi ya iya. Ya faɗi sunan kowace bishiya, ya ce ga kwale-kwalen baban Zubaidatu mai facin gwangwani, ga Ɗanjuma mai kiɗan kokawa da hularsa a karkace. Baba yana gyaɗa kai yana murmushi, yana cewa, "Haka ne, haka ne, Allah ya ji ƙan Ɗanjuma." Har na fara cewa a raina ko na zalunci mutumin nan.

Aka zo kokawa. Ga dogo ga gajere, aka sarƙe, dogon ya ɗaga gajeren ya maka shi da laka. Baba ya yi dariya da aka gaya masa, ya ce, "Umarnin Bature ne, da ba ka isa ba." Gajeren ya tashi, laka har gira, ya juya baya ya kama hanya, yana tafiya yana ƙanƙancewa a gefen hoton.

Ita kuma ta ɗauko ƙwarya ta miƙa wa dogon. Hannunta ne kawai ya je wajensa. Fuskarta gaba ɗaya ta juya ta bi bayan gajeren, idonta a kansa, bakinta a ɗan buɗe kamar za ta kira shi. Ta manta da ƙwaryar har ta karkace, ruwan ya zube a ƙafafun dogon, shi kuma ya tsaya da hannu a miƙe yana kallon ƙeyarta. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ko jariri ya ga wannan kallon ya san wa ake so.

Nan na gane dalilin bukra. Falalu ya kalli faifan nan tun daren da aka ba shi. Ya san abin da ke ciki tun ranar da ruwan ya jiƙa masa ƙafa.

Baba ya ce, "To, na juya baya. Daga nan ban san komai ba. Me ta yi?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Wa take kallo?"

Falalu ya tofar da ƙwallon dabino a tafinsa. Ya ce, "Ta miƙo min ruwa, Rabe. Tana kallona tana murmushi. Har ta ƙi sakin ƙwaryar." Ya yi ajiyar zuciya irin ta mai tausayi. "Abin da ya sa na yi ta jan ƙafa ke nan, ya akhi. Ban so ka gani ba."

Na miƙe tsaye. "Ƙarya ne! Wallahi tallahi ƙarya yake yi! Baba, kai take kallo. Bayanka ta bi da ido har ruwan ya zube. Ga shi nan, ga shi nan a gabanmu!"

Na mayar da hoton baya, na tsayar da shi a daidai wurin, ina nuna wa makaho da yatsa kamar mahaukaciya. Na kamo hannunsa na ɗora a kan fuskarta. Gilashi ne kawai, da ɗumi.

Baba ya zare hannunsa a hankali. Ya ce, "Zauna, Ramlatu. Ba a yi wa babba ihu." Sannan ya ce, "Kin gado ta. Ita ma haka ta yi ta lallashina har ta koma ga Allah. Ke 'yata ce, me za ki ce da ya wuce wannan?"

"Baba, na rantse maka."

"Kada ki yi rantsuwa saboda ni, ki ja wa kanki kaffara." Ya juya wajen da yake jin numfashin Falalu. "Na gode, Falalu. Dama na sani. Gara da na ji daga bakin wanda yake wurin."

Na kalli Falalu, na zaci zan ga kunya ko da ƙwayar zarra. Yana kallon talabijin ne, yana kallon yarinyar nan da ta juya masa ƙeya, fuskarsa a tsuke kamar wanda ya tauna maɗaci. Ko daɗin abin da ya yi bai ji ba, kuma wannan bai sa na ji tausayinsa ba. Ya tashi ya kakkaɓe jallabiyarsa ya ce, "Ku riƙe faifan, halas, na gama da shi." Ya sauka. Dabinonsa na bi shi da shi har matakala na ajiye masa.

Ba abin da ban yi ba. Da Isma'il ya dawo na sa ya kalla ya gaya wa Baba abin da ya gani. Na kira maƙwabciyarmu Kausar, na kira wani ɗalibi Bakano mai karatun hadisi da Baba yake ganin girmansa. Kowa ya kalla ya faɗi gaskiya. Baba ya saurare su da ladabi, ya sa musu albarka, idan sun fita ya ce, "Ramlatu ce ta aiko ku, Allah ya yi mata albarka." Shekara sittin yana jiran wanda zai tabbatar masa da abin da yake tsoro, da ya samu kuwa ya riƙe shi da hannu biyu.

Bayan 'yan kwanaki da ya idar da sallar azahar ya kira ni, ya miƙo min carbin Inna. Ya ce, "Ajiye wannan a cikin kayanki."

"Da me za ka yi lazimi?"

"Ina da yatsu."

Bai daina yi mata addu'a ba, ina jin sa. Amma ya daina ba ni labarinta, ya daina cewa Innarki ta ce kaza. Kujerar nan da na jawo masa gaban talabijin ya ce a bar ta a nan, sai dai a juya ta ta fuskanci ƙofa, wai ya fi jin iska.

Wani lokaci da rana, idan aiki ya lafa, nakan sa faifan in tsayar da shi a wurin nan. Ba ya sani, tunda abin ba ya ƙara. Yana zaune yana ƙirga tasbihi da yatsu, ya ba talabijin baya. Ita kuma tana can cikin gilashi da ƙwarya a karkace, ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, bakinta a ɗan buɗe, tana kallon bayansa.

Nakan ce, "Baba, ka juyo."

Sai ya ce, "In ga me?"